Abin da masu girkinmu za su ara daga hoton abincin Sinawa

Duk wanda ke zaune a Guangzhou ya saba ganin hotunan girkin gida a WeChat da Xiaohongshu, manhajojin sada zumunta na Sinawa: tumatir da ƙwai, turararren kifi, ganye kore shar. Cimar yau da kullum ce, amma hoton sai ya sa ka haɗiyar yawu. Ka duba waɗanda ake turo mana daga gida, tuwo da miyar da ka san ta fi daɗi nesa ba kusa ba, sai ka tarar da duhu da ƙyallin leda. Wasu na ɗora wa waya laifi. Ban yarda ba, ai daga nan ake loda wayoyin zuwa Kano.

Sinawa na auna girki da launi da ƙamshi da ɗanɗano, kuma launi suke fara ambata, shi ya sa rabin aikin hoton tun a kan wuta ake gama shi. Ganye ana tsoma shi a tafasasshen ruwa mai gishiri da cokali ɗaya na mai, daƙiƙa 30 zuwa 60, tukunya a buɗe. In aka rufe ko ya zarce, koren ya dushe, babu manhajar da za ta dawo da shi. Ƙwai kuwa daban ake soya shi a kwashe, sai tumatir ya saki ruwa a mayar, ja da rawaya kowa ya fito da kansa. Sheƙin miyarsu daga sitaci yake, cokali ɗaya a ruwa cokali biyu, a zuba daf da saukewa. Da ta fara hucewa sai ta daskare ta yi dishi-dishi, taliya ma ta shanye romo ta kumbura. Don haka faranti da wurin ɗauka a shirya su kafin a kunna wuta.

Wurin ɗauka kusa da taga ne, haske ya shigo ta gefe ko ta ɗan baya. A kashe ƙwan lantarki, domin haɗa shi da hasken rana ke sa shinkafa ta yi rawaya. Fitilar waya kuwa maiƙo kawai take haskawa. A jingina farar takarda a ɗaya gefen ta rage inuwa. Tururi ba ya fitowa sai bayansa da duhu. A goge gilashin kyamara, hayaƙin kasko na barin mai a kansa. Kwano mai zurfi a ɗauke shi a karkace, kamar yadda mai ci ke kallonsa. Tebur mai kwanuka da yawa ta sama. A ja baya a sa 2x, wato a zuƙo hoton ninki biyu, in an matsa kwanon zai fito a kumbure. Af, kada a soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, a wurin Sinawa ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci.

Su ma suna da girkin da ba ya son kyamara, irin naman da ya dahu ya yi duhu cikin ruwan waken suya, sai su barbaɗa masa lawashi da jan barkono. Matsalar miyar kuka ke nan. A zuba ta a farin tangaran, a ɗiga man shanu a tsakiya, yaji a gefe, a kwance wa tuwo leda a ɗora malmalar a baƙin akushi.

Abin da ba zan ce a ara ba shi ne ɗan cuku-cukun abinci a tsakiyar ƙaton faranti da wasu masu hoton nan ke yi. Mu cika kwano mutunta baƙo ne, a cika shi, sai dai a goge bakinsa da tsumma. Tunda kuma tuwo abincin dare ne, mai son hoto ta kwashe malmala ɗaya kafin magariba, da sauran haske a tsakar gida.