Dokar hana wariya ba ta kai ga masu raunin fahimta ba tukuna

A Ingila, inda nake aikin kula da manya masu raunin fahimta, wata doka ta 2005 ta ce a ɗauka mutum zai iya yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar ba zai iya ba. Akwai dattijon da nake raka wa banki. Ma'aikaciyar shi take kallo, shi take tambaya, ta maimaita masa a hankali har ya gane, ni ina gefe. Ba kirkinta kaɗai ba ne. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa bankuna, asibitoci da wuraren aiki su sassauta tsarinsu saboda irinsa.

Nan ma ana zalunci. A 2011 BBC ta fallasa yadda ake azabtar da masu raunin fahimta a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol. Amma an rufe wurin, wasu ma'aikatan sun tafi gidan yari. Ga kaɗaici kuma, wanda da wuya ka gan shi a gidajenmu na Najeriya, inda uwa da 'yan'uwa ke riƙe nasu har mutuwa.

Najeriya ma tana da doka. Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019: wanda ya nuna wa mai nakasa wariya, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, kamfani kuwa naira miliyan 1. Sai dai duk sanda aka tashi maganarta, keken guragu da matakalar bene ake tunawa. Makafi da kurame da guragu suna da ƙungiyoyi, har da sarakunansu a garuruwanmu. Wa ke magana da yawun yaron da malami ya mayar gida wai ba ya ɗaukar karatu?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gado. Uba ya rasu, a ce wan mai raunin fahimtar zai riƙe masa rabonsa, shi ke nan, ba rubutu, ba mai bin ba'asi. Alhali a Musulunci amana ce a hannun waliyyi, dukiyar ta mai ita ce. Haka yarinyar da aka ci zarafinta: ta faɗi sunan mutumin, a ce ai ba ta da wayo, a rufe maganar.

Ina so hukumar nakasassu ta ƙasa ta fara daga nan. A koya wa alƙalai da 'yan sanda yadda ake sauraron irin waɗannan bayin Allah, kuma kotun da ta raba gado ta riƙa kiran waliyyi duk shekara ya kawo lissafi.