Allurar mai ciki ma sai da wulaƙanci?

Jiya Alhamis na raka ƙanwata awo, cikinta wata bakwai, haihuwar fari. Daga unguwarmu a bayan Garwa, a arewacin Kamaru, muka biya ɗan mashin sefa dubu, muka isa tun kafin rana ta yi zafi. Allurar tetanos kawai muka je nema, wadda ke tsare jariri daga tsinkau-tsinkau.

Sai wajen azahar layi ya zo kanmu. Na yi sallama, na miƙa kati. Ma'aikaciyar ko kai ba ta ɗago daga wayarta ba, ta jefo min magana da Faransanci. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, ba ma ji." Ta ja tsaki, ta juya Fulatanci, wai ba a fasa kwalba saboda mutum ɗaya, mu dawo Talata. Na ce, "Malama, wancan makon ma haka aka ce mana." Sai a lokacin ta dube ni sama da ƙasa, ta turo katin da bayan biro har ya faɗi, ta ce, "Da can ina kuke? Ku dai haihuwa kuka iya." Ƙanwata da tsohon cikinta ita ta durƙusa ta ɗauka, mata cike da benci suna kallo.

Wallahi jikina har yanzu rawa yake. Allurar nan biyu ce, tsakaninsu mako huɗu, ta biyun kuma sai ta riga haihuwa da aƙalla mako biyu. Ku lissafa da kanku, Talata nawa suka rage mana?

Ni ba labari aka ba ni ba. Ɗana na fari, ungozoma ta yanke masa cibiya da tsohuwar reza, aka shafa toka. Kwana shida ya ƙi nono, baki ya ƙulle, jiki ya sandare kamar itace. Ragon suna na ɗaure a tsakar gida muka kai shi makwanci. Aka ce min iska ce, alhali ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta cibiya ta shiga.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamaru cikin ƙasashen da suka shawo kan cutar nan. Ƙwayar tana nan a turɓaya, allura ce da tsaftar haihuwa suka danne ta. To manyanmu na Yawunde, wa kuka sa ya duba yadda ake korar matan arewa daga bakin ƙofa? Kuna cewa muna haihuwa a gida, kun taɓa tambayar abin da ya hana mu dawowa?

Mazanmu ma ban ƙyale ku ba. Kuɗin rago da goro ba ya gagarar ku, amma kuɗin mashin zuwa awo sai an yi kwana uku ana roƙo.

Ƙanwata ta rantse ba za ta koma ba. Na ce mata Talata ko a bayana zan goya ta, kuma sabuwar reza na cikin jakata tun yanzu.