Abin da ya taɓa ni a labarin Musashi

Sannunku da ƙoƙari kan wannan labari da kuka rubuta na Miyamoto Musashi, shahararren gwanin takobi na ƙasar Japan. Kun tsaya kan faɗansa sama da 60 da ba a taɓa kayar da shi ba, amma ni karonsa da wani gwanin takobi, Sasaki Kojiro, a tsibirin Ganryu a 1612 ya fi tsaya min a rai. An ce da gangan ya makara, yana cikin jirgin ruwa yana sassaƙa itacen tuƙa jirgin da wuƙa har ya zama takobin katako, ya bar Kojiro yana ta tafasa a bakin gaɓa. Wallahi nan ya ci shi, tun kafin a zare takobi.

Da ma kun ƙara cewa da Musashi ya tsufa ya koma kogon Reigando kusa da birnin Kumamoto yana rubutu, har ya rasu a 1645.