Mage Ta Fi Wasunmu Sanin Ya Kamata

Ranar Asabar da ta wuce na biya ta unguwar Pantami da ke Gombe wajen ƙarfe 9 na safe don in duba wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu. Matarsa nas ce, kuma a makon take yin aikin dare, wato nait kamar yadda suke cewa. Na yi sallama aka ce in shigo. Sai na tarar da ita kwance a kan tabarma a falo, ta lulluɓa da hijabi, ko farin kayan aikin ba ta cire ba, ta yi matashi da jakarta. Magen gidan, wadda aka kawo saboda ɓeraye, ta naɗe a gefen ƙafafunta, ko motsi ba ta yi. Shi kuwa gogan naka yana kan kujera ya miƙe ƙafa yana ta shafar waya. Muna gama gaisawa ya zungure ta: "Ke, tashi ga Yaya ya zo, ki ɗora mana shayi ki soya ƙwai."

Ta zabura, idanu jawur kamar garwashi, ta ce: "Sannu da zuwa Yaya, wallahi ban ji shigowarka ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ta koma ta kwanta, na karya a gida, alhali ko ruwa ban sa a bakina ba. Allah ya yafe mini.

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka auri ma'aikatan jinya, wannan hali daga ina muka koyo shi? Baiwar Allah ta fita bayan isha'i, ta kwana a tsaye: wannan a sa masa ƙarin ruwa, wancan lokacin allurarsa ya yi, ga mai naƙuda, ga wanda aka kawo cikin jini daga hanyar Bauchi, wani ma a hannunta zai cika. Gari ya waye ta miƙa aiki, ta tsaya jiran Keke Napep. Kai kuma da ka yi minshari tun daga ƙarfe 11 har asuba, kai ne mai jin yunwar da ba za ta iya jira ba? Mai shayi yana bakin layi. Mai ƙosai tana ƙofar gida. Hannunka ba a ɗaure yake ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, irin waɗannan ne suka fi kowa sanin ranar da albashi yake shiga. Tun ana neman aure ake cewa "a samo mini mai aikin asibiti". To, wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Ba za ka so alat ka ƙi gajiyar da ta kawo shi ba. A ƙarshen watan Yulin 2025 nas-nas na asibitocin tarayya sun tafi yajin aikin gargaɗi, kuma alawus ɗin aikin karɓa-karɓa yana cikin abin da suke kuka a kai. Suna kukan gwamnati ba ta cika musu ba, kai ma ka zo ka rage musu a gida?

Allah da kansa ya ce a Suratun Naba'i ya sanya barci hutu, dare sutura, rana lokacin neman abinci. Mai aikin dare ta juya wannan tsari ne domin ni da kai mu tarar da wani a farke idan ciwo ya kama mu da tsakar dare. Barcin rana kuma ba ya kai na dare, domin haske yana hana jiki sakin sinadarin da ke kawo barci, balle a Gombe cikin watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, ba wuta. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7. Ita ko uku ba a bari ta samu, sannan da dare ta koma ta auna wa ɗan wani magani. Idan hannunta ya kuskure, wa za a zaga? Jiki magayi.

Kuma ba miji kaɗai ba. Ga dangin miji masu cewa "matar nan ta cika son jiki, kullum barci da rana". Ga maƙwabta da suka mayar da gidan kemis, a buga ƙofa da azahar a ce a zo a duba hawan jini, ko sannu babu. Ga mu nan masu kwana a gidan kallon ƙwallo, mun san wanda ya ji rauni a Arsenal, ba mu san ƙafar matarmu ta kumbura ba.

Na dawo kan magen nan, domin ita ta tsaya mini a rai. Dabba ce, ba ta je makaranta ba, ba ta zauna gaban malami ba, amma ta ga mai gajiya ta kwanta kusa da ita ta yi shiru. Kai da ka haddace cewa an tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, me ya hana ka kwashe yara ku fita, ka sakaya ƙofa? Aikin jinyar ma ai na sahabiya Rufaida Al-Aslamiyya ne, wadda a tantinta aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Kakarmu ungozoma ce. Ina tunawa idan ta kwana wajen karɓar haihuwa, kafin ta iso gida kishiyarta ta ɗora mata ruwan wanka, kakanmu kuma ya ɗauko buzunsa ya zauna a zaure. Duk wanda ya yi sallama sai ya ce: "A dawo bayan la'asar, ta kwana wajen aikin lada." Mu yara aka kora mu gindin darbejiya, wanda ya yi ihu ya sha tsumagiya. Ba su da boko, ba su da waya, ba ta kuma kawo musu albashi. Goro ne da sabulu.

Da na fito ƙanen nawa ya rako ni har bakin titi, yana ce mini: "Yaya, ka shagwaɓa ta da yawa, ai ta saba."