Kafin ka sayar da shawara, wa ka yi wa aiki?

Duk mai leƙa Facebook ko LinkedIn a 'yan shekarun nan zai lura da yadda matasanmu ke ɗora wa kansu laƙabin mai bai wa 'yan kasuwa shawara. Yaro ya gama bautar ƙasa bara, bana ya buga kati yana tallar cewa zai nuna wa mutane yadda za su haɓaka kasuwancinsu. Sana'ar halal ce, kuma muna buƙatar masu yin ta. Abin da nake ja a kai shi ne lokacin shigarta. A ganina sana'a ce da ake isa gare ta bayan doguwar tafiya, ba wadda ake buɗe ido da ita ba.

Tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020, mutum ɗaya ma yana iya yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista a hukumar CAC. Wannan ci gaba ne. Sai dai takardar rajista shaida ce ta cewa kamfani ya samu, ba ta cewa mai shi ya san abin da yake faɗa ba.

Ko a ƙasashen da sana'ar ta yi ƙarfi, manyanta ba su tsallake matakin fara yin aiki a wani wuri ba. James McKinsey malamin lissafin kuɗi ne a Jami'ar Chicago kafin ya kafa kamfaninsa na ba da shawara a 1926. Peter Drucker, shahararren masanin tafiyar da kamfanoni, ya yi aikin jarida a Jamus, ya yi aikin banki a Landan, ya koma Amurka a 1937, sai a 1943 kamfanin General Motors ya buɗe masa ƙofa ya nazarci yadda ake tafiyar da shi. Mu ma a gida haka tsarin yake. A Kantin Kwari yaron shago yakan shafe shekaru yana ɗauko dila, yana bin bashi, yana kallon yadda maigida ke rarrashin kwastoma, kafin a sallame shi da jari.

Abin da shekarun nan ke koyarwa ba ya cikin littafi. Mu tuna watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. 'Yan kasuwa da dama sun ci gaba da sayar da kaya bisa kuɗin da suka saro, suna ganin riba a takarda, sai da suka koma sari suka tarar kuɗin ba ya sayen abin da suka sayar. Jari ya karye ana murna. Wanda ya taɓa riƙe littafin shago a irin wannan yanayi zai ce wa ɗan kasuwa ya sa farashi bisa abin da zai sake saro kayan gobe. Wanda bai taɓa ba zai kawo masa zane-zane a kwamfuta. Haka batun lambar NAFDAC ga mai haɗa yaji ko man gyaɗa, da takardun fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau zuwa waje, da sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Kowanne yana son wanda ya taɓa bin layinsa da ƙafarsa.

Saboda haka hanyar da nake ganin ta fi ita ce mutum ya yi aiki ƙarƙashin wani, a banki, ko masana'anta, ko ofishin akantoci, har a damƙa masa abin da idan ya lalace shi za a tuhuma. In fanninsa lissafi ne ko haraji, ya nemi shaidar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN ko ANAN, ko ta masana haraji, CITN. Sannan ya zaɓi fanni ɗaya ya tsaya a kai, domin wanda ya ce ya iya kiwon kaji, ya iya gidaje, ya iya fitar da kaya waje, ba wanda zai yarda da shi. Ranar da zai ajiye aiki kuwa, ya fita da mutuncinsa, kada ya kwashe kwastomomin maigidansa ko sirrinsa. Amanar nan ita ce za ta kawo masa aikin farko.

Za a ce mini ina aikin yake, balle a samu gogewa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Amma gogewa ba sai a ofis mai sanyi ba. Shagon baba ko na kawu da ba a taɓa rubuta shige da ficensa ba makaranta ce. Matashin da ya zauna shekara biyu ya raba kuɗin gida da na shago, ya gano inda kaya ke zurarewa, yana da abin da zai nuna wa na gaba.

Akwai kuma laifin 'yan kasuwarmu. Mun saba ɗaukar shawara a matsayin kyauta, sai a zaunar da gwani awa uku a sallame shi da "Allah ya saka". Wannan ne ke korar ƙwararru zuwa Abuja da Legas da ayyukan ƙungiyoyin agaji. Mai shirin tsayawa da ƙafarsa a Kano ko Kaduna ya tanadi guzurin watanni da yawa, ya kuma saba rubuta yarjejeniya kafin ya fara: me za a yi, nawa za a biya, yaushe za a biya.