Abin da Masu Hannu da Shuni a Kaduna Za Su Koya daga Yaƙi da Shan Inna

A shekarar 1985 ƙungiyar Rotary, wadda 'yan kasuwa da ƙwararrun ma'aikata ke tafiyarwa da kuɗin aljihunsu, ta ɗauki alkawarin ganin bayan cutar shan inna a duniya. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka haɗa hannu da ita a 1988, cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Yau Pakistan da Afganistan kaɗai suka rage inda asalin ƙwayar cutar ke yaɗuwa, kuma ƙungiyar ta zuba fiye da dala biliyan biyu a wannan aiki guda.

Mu a Arewa mun san inda tafiyar ta yi tsami. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da Zamfara da nan Kaduna saboda jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa, kuma ba za a ce tsoron ya faɗo daga sama ba, domin gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo a zukatan iyaye. Dalolin ƙetare ba su warware wannan ƙulli ba. Sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da malamai, da matan da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara magani, waɗanda aka kashe tara daga cikinsu a Kano a watan Fabrairun 2013, su ne suka buɗe ƙofofin da aka rufe. A Najeriya an ga asalin ƙwayar a karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta kuɓuta daga gare ta ranar 25 ga Agusta, 2020, ko da yake wani nau'in da ya rikiɗe yana ci gaba da ɓulla a Arewa maso Yamma, inda yara da yawa ba su samun rigakafi.

Wasu na kallon Rotary da takwararta Lions, wadda ta fi karkata ga yaƙi da makanta, a matsayin dandalin manya masu cin abincin dare a otal, kuma zargin ba ya rasa ƙamshin gaskiya. Sai dai a ganina suna da abin da kyautarmu ta rasa, wato riƙe manufa ɗaya shekara arba'in tare da rubuta inda kowane kwabo ya shiga. Attajiranmu ba marowata ba ne, amma yawancin alherinsu buhunan shinkafa ne a watan azumi, a ɗauki hoto, a watse.

Haka abin yake a agajin gaggawa. Da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya cinye Maiduguri a Satumbar 2024, gudummawa ta yi ta kwarara, amma bayan ruwan ya riga ya shiga ɗakuna. Kogin Kaduna ma yakan yi ambaliya idan damina ta yi nisa, kuma unguwannin da ke gaɓarsa sanannu ne. Muna da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda hedikwatarta ke cikin garin nan, da na coci-coci da na Red Cross, matasa masu jini a jika da jama'a suka yarda da su. Ya kamata 'yan kasuwar Kaduna su kafa asusu na dindindin da zai horar da waɗannan matasa, ya tanadi tantuna da kwale-kwale da magunguna tun a watan Mayu, a kuma riƙa bayyana lissafinsa a fili kowace shekara.