Nasiha ga 'yar uwata mai kuka da jikinta

Assalamu alaikum warahmatullah.

Shekaranjiya a danfo, motar haya ta Legas, daga Oshodi zuwa Agege, kwandasta ya dubi wata baiwar Allah da ta zo shiga, ya kira ta "orobo", wato mai ƙiba, wai sai ta biya kuɗin mutum biyu. Mota ta kwashe da dariya. Ba ta ce uffan ba. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, ta takure a jikin taga, har muka sauka ba ta ɗago kai ba. Na san wannan shirun, domin ni ma na yi shi.

Bayan haihuwata ta uku jikina ya buɗe. Duk suna ko bikin da na je, kafin a tambayi lafiyar yara sai an ce, "Kai Hajiya, ina za ki kai wannan teɓa?" Na daina shiga hoto. Daga baya na sayi wani shayin rage tumbi da na ga tallarsa a WhatsApp, ko lambar NAFDAC babu a jikinsa. Kwana huɗu ina zarya banɗaki, a na biyar jiri ya kwashe ni a kan sallaya, a raka'a ta biyu ta Azahar. Likita ya ce ruwan jikina ne ya tsiyaye, kitsen yana nan inda yake.

Ga kuma ƙannenmu sirara, waɗanda ake kira "lepa", suna haɗiyar sha-ka-fashe don a ce sun ciko kafin biki. Daga cikin ƙwayoyin nan akwai dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Mai ƙiba na kuka, siririya na kuka, kuma bakin mutane ne ya sa su duka biyun.

'Yar uwa, Wanda ya ƙera ki ya ce a Suratut Tin, aya ta 4, lalle ya halicci mutum a mafi kyawun tsari. A Suratul Hujurat, aya ta 11, ya hana mata su yi wa mata izgili, ya hana jifan juna da munanan laƙabobi. Wannan "wasa nake yi" da muke fakewa da shi, mala'iku na rubutawa.

Ki tuna Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi. Ya hau bishiya tsinko asuwaki, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, mutane suka yi dariya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya ce ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Nana A'isha kuma ta ba da labari da bakinta cewa ta taɓa yin tsere da Annabi ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ku duba, maza. Matarsa ta ƙara jiki, bai goranta mata ba, fita ya yi da ita suka yi gudu tare.

Amma kada wata ta ɗauki maganata ta miƙe ƙafa. Annabi ya ce jikinki yana da haƙƙi a kanki, kuma a hadisin Tirmizi ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Rayuwar Legas ba ta taimaka mana. Mu fita kafin gari ya waye, mu yi awa biyu a cunkoso muna kora fanke da lemon kwalba, mu dawo goman dare mu zauna wa tuwo, mu kwanta a kansa. Ga burodin Agege da shayi mai kauri kullum safe.

Abin da na koma yi ba ya cin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, gishiri kuma ƙasa da giram 5 a yini. Sai na riƙa sauka tasha ɗaya kafin tawa in ƙarasa a ƙafa. Na rage dunƙule a miya, na ƙara ganyen ugu da alayyafo da 'yan uwanmu ke saukewa a kasuwar Mile 12, na dawo da azumin Litinin da Alhamis da niyyar ibada. Ina zuwa a auna min jini da sukari, domin idan awon jini ya riƙa kaiwa 140/90 maganar ta koma hannun likita, kuma siririya ma hawan jini na kama ta. Sikeli bai sauka sosai ba. Amma yanzu ina hawa gadar tsallake titi ba tare da na tsaya haki a tsakiya ba, ina daɗewa a sujada gwiwata ba ta ciwo.

Baiwar Allah ta cikin danfo, ban yi magana ba a ranar, kuma abin yana damuna har yanzu. Idan wannan rubutu ya iso gare ki, ki yafe min shirun da na yi.